Ranar da Talaka Ya Ƙi Cire Takalmi

A ƙasar Hausa ta shekarun 1950 akwai laifuffukan da ba lallai ka same su a rubuce cikin kundin doka ba, amma yaro da babba kowa ya san hukuncinsu. Hakimi ya zo wucewa a kan doki ka ƙi zubewa. Ka shiga zauren dagaci da takalmi a ƙafa. A yi yekuwar noman gandun sarki ka ce kai ma taka gonar ciyawa ta cinye ta. Ka biya haraji ka tsaya sai an ba ka rasit, ko ka tambayi abin da ya sa na bana ya ɗara na bara. Mutanen da suka fara yin waɗannan abubuwa da gangan, ido na ganin ido, ba wanda ya kira su 'yan gwagwarmaya a lokacin. Marasa kunya ake ce musu, tsageru, 'ya'yan da ba su gaji arziki ba. Yau filin jirgin saman Kano da asibitin koyarwa na birnin sunan jagoransu, Malam Aminu Kano na jam'iyyar NEPU, suke amsawa, akwai kuma babban asibiti a Zariya mai sunan Gambo Sawaba, matar da ta fi kowace mace shan ɗauri a cikinsu.

Yaya aka yi rashin ɗa'ar jiya ya zama abin alfaharin yau? Kuma duk wanda ya ce "na ƙi" a kan wannan hanya yake? Masu amsawa da sauri sun kasu biyu. Wasu su ce duk ci gaban ɗan Adam daga bijirewa ya fito. Wasu su ce bin na gaba bin Allah ne, magana ta ƙare. Duka biyun sun sauƙaƙa wa kansu.

Bari a fara ba biyayya haƙƙinta. Al'ummar da kowa zai tsaya sai an gamsar da shi kafin ya bi umarni ba za ta kai labari ba. Yaro yana bin uwarsa tun kafin ya san dalilin da ya sa aka hana shi taɓa wuta, mara lafiya yana haɗiye maganin da bai san abin da ke cikinsa ba. Da Hausawa suka ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, gaskiya suka faɗa a mafi yawan lokuta. In kuma za a ƙirga ƙin bin umarnin da ake yi kullum a garuruwanmu, kaso mafi tsoka son zuciya ne tsagwaronsa: direban da ya keta danja, mai shagon da ya cinye rabin titi, ma'aikacin da ya sa hannu a rajista ya koma gida. Bijirewar farko da aka ba mu labarinta ma ta Iblis ce, hujjarsa kuwa "ni na fi shi". Saboda haka nauyin kawo dalili yana wuyan mai ƙi.

Sai dai zalunci, komai girman mai shi, ba shi da hannu sai na aro. Sarkin da ya ce a yi wa mutum bulala ba shi ke riƙe dorina ba. Akwai dogarin da zai kamo, magatakardan da zai rubuta, alƙalin da zai yanke, yarin da zai kulle. Kowannensu in ka same shi a gida mutumin kirki ne mai sallah a kan lokaci, in ka tambaye shi ya ce "ni aiki aka sa ni". A shari'ar Nuremberg ta 1945 zuwa 1946 wannan hujjar manyan jami'an Hitler da dama suka kawo, kotu ta ce ba ta wanke kowa. Adolf Eichmann, wanda ya tsara jigilar Yahudawa a jiragen ƙasa zuwa sansanonin kisa, ita ya maimaita a gaban kotu a Ƙudus a 1961.

A shekarar ce wani masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Yale ta Amurka, Stanley Milgram, ya shirya gwaji don ya ga inda mutum na gari zai tsaya. Aka kirawo mutane ta tallar jarida, aka ce musu bincike ake yi kan harda. Aka zaunar da kowannensu gaban na'ura mai jerin maɓallai, aka ce duk sanda ɗalibin da ke ɗaya ɗakin ya kuskure amsa a ja masa wutar lantarki, ana ƙara mata ƙarfi daga bolt 15 har 450. Wutar ta ƙarya ce, ɗalibin ma da shi aka haɗa baki, amma mai danna maɓallin ba a gaya masa ba. Yana jin ɗalibin na dukan bango, can ya ji tsit. Jami'in binciken kuwa ba tsawa ba barazana, "ci gaba" kawai yake cewa. Cikin mutum 40, 26 suka kai maɓallin ƙarshe, da yawansu suna gumi suna cewa abin bai dace ba, hannunsu kuma na dannawa. Masana sun soki gwajin daga baya, wasu suka ce cikin mahalartan akwai waɗanda suka harbo jirgin. Amma akwai wani salo na gwajin da ya fi tsaya mini a rai. Da aka zaunar da mai dannawa tare da wasu mutum biyu, su kuma suka miƙe tsakiyar aiki suka ce ba za su ci gaba ba, mutum 4 kacal cikin 40 suka kai ƙarshe. Ba wanda ya yi musu wa'azi. Gani kawai suka yi ana iya ƙi.

Wannan shi ne aikin da NEPU ta yi wa talakan Arewa, kuma a wurina ya fi duk kujerun da ta taɓa ci. Ba za a gane shi ba sai an tuna abin da En'e, hukumar gargajiya ta zamanin Turawa, take. Turawa da suka ci ƙasar a 1903 ba su rushe sarauta ba, gindi suka ɗaure mata suka riƙe linzamin. Sarki shi ne hukuma: 'yan doka nasa, gidan yari nasa, alƙalai a ƙarƙashinsa, manyan sarakuna ma suna da kotun da ke iya yanke hukuncin kisa. Wanda ya kama ka da wanda zai yi maka shari'a da wanda zai tsare ka, duk daga baitulmali ɗaya albashinsu ke fitowa. A da can sarki yana shakkar masu naɗin sarki da manyan bayi da malamai, yana tsoron talakawa su yi ƙaura su bar masa kufai. Yanzu Razdan, Baturen da ke kula da lardi, kaɗai yake shakka, shi kuwa Razdan muddin haraji na shiga kuma gari lafiya, ba ya son dogon bincike. Lokacin yaƙi, daga 1942 zuwa 1944, ta hannun hakimai da dagatai aka kwashi dubban manoma zuwa haƙar kuza a Jos, abin da mutane suka sa wa suna diban gwamna. Da yawa sanyi da cuta suka kashe su a can.

Ranar 8 ga Agusta 1950 mutum takwas suka haɗu a Sabon Garin Kano suka kafa NEPU, Jam'iyyar Neman Sawaba. Cikinsu akwai Abba Maikwaru, Bello Ijumu, Magaji Ɗambatta da Mudi Sipikin. Malam Aminu Kano yana koyarwa a Maru a lokacin; ya ajiye aiki a ƙarshen shekarar, ya zama shugaban jam'iyyar a 1953. Shi da Malam Sa'adu Zungur tun a Bauchi, a shekarun 1940, suke tayar da ƙura a zauren muhawarar da ake yi wa jami'an En'e tambayoyin da kunnensu bai saba ji ba. Dukansu biyu 'ya'yan gidan malamai ne, Aminu ma daga gidan alƙalai ya fito. Amma rundunar jam'iyyar ba 'yan boko ba ne. Teloli ne, mahauta, 'yan koli, maƙera, dukawa, ƙananan malaman zaure, mutanen da ke cin abinci da sana'ar hannunsu, ba sa jiran albashin En'e a ƙarshen wata. A nan wani babban sirrin yake, don mutumin da abincinsa ke hannun hakimi da wuya ya iya ɗaga masa ido.

Abin da ake koya wa talaka a lacca shi ne ya rarrabe tsakanin abin da doka ta ɗora masa da abin da aka ɗora masa don an ga ba ya magana. Haraji ka biya, amma ka karɓi rasit. Noman gonar hakimi kyauta ba dole ba ne. In alƙali ya yanke maka hukuncin da ba ka yarda da shi ba, akwai ɗaukaka ƙara. Ka gaida babba da ladabi, amma zubewa ƙasa na Allah ne. Ba a ce kowa ya ƙone fada ba. Janye hannu da gwiwa kawai ake nema daga abin da ba hakki ba, a kuma yi shi a sarari yadda maƙwabci zai gani.

Sun kuwa ɗanɗana kuɗarsu. Lacca sai da izinin En'e, En'e kuma ita ce ƙashin bayan jam'iyyar NPC mai mulki. Sai a hana izini, in an taru a ce an yi taro ba izini. Mai lacca ya ambaci hakimi a ce ya ci mutuncin sarauta, gari ya waye alƙali ya yanke masa watanni, wani lokaci har da bulala a kai. A zaɓen 1951 NEPU ta yi rawar gani a matakin farko a birnin Kano, amma zaɓen hawa-hawa ne, doka kuma ta ba En'e damar cusa nata mutane, kashi 10 cikin 100, a matakin ƙarshe. Da aka gama tankaɗe da rairaya ko kujera ɗaya ba ta samu ba a majalisar Kaduna. A Kano har wata ƙungiyar 'yan sara-suka aka yi, 'Yan Mahaukata, aikinta farautar 'yan NEPU. Gambo Sawaba ta Zariya, wadda ta shiga jam'iyyar tana 'yar shekara 17 ta zo ta jagoranci mata, an ɗaure ta sau 16, ban da duka da korar da aka yi mata daga Kano. Laifinta ta tsaya gaban maza ta yi magana, ta ce a bar mata su yi zaɓe, a daina aurar da yara ƙanana, a sa su makaranta.

Makamin da ya fi bulala ciwo shi ne na addini. Aka ce sun saɓa wa ayar da ta yi umarni da bin Allah da bin Manzo da majiɓinta al'amari. Amsar kuwa ba sai an je Landan ko Mosko nemanta ba, tana cikin littattafan da ke jibge a zaurukan garin. Hadisi ne ingantacce cewa Annabi (SAW) ya tura wata runduna ya naɗa mata shugaba. Shugaban ya fusata a hanya, ya sa aka hura wuta ya ce su shiga. Suka dubi juna suka ce ai gudun wuta ne ya kai mu ga Manzon Allah, suka ƙi. Da labari ya iso ga Annabi ya ce da sun shige ta da ba su fito ba, biyayya a cikin abin kirki kaɗai ake yin ta. Sayyidina Abubakar, ranar da aka yi masa mubaya'a, cewa ya yi a bi shi muddin yana bin Allah da Manzonsa, in ya saɓa babu biyayyarsa a wuyan kowa. Ayar da ta fi tsara mini al'amarin tana Suratu Luƙman: in iyaye suka matsa maka ka yi shirka kada ka bi su, amma ka zauna da su a duniya da kyautatawa. An haɗa ƙi da ladabi a aya guda. Kiristocin ƙasar nan ma suna da irinta a Ayyukan Manzanni, inda Bitrus ya gaya wa majalisa cewa dole a yi wa Allah biyayya fiye da mutum.

Hujjar da ta fi ƙona ran masu sarauta kuwa daga cikin gidansu aka ɗauko ta, domin gadon kowane sarkin tuta asalinsa wani malami ne da ya ƙi bin sarkin zamaninsa. Wajen 1788, a idin Magami, Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya yi wa malamai kyauta. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya ƙi karɓar tasa, ya ce a maimakonta a bar shi ya yi wa'azi, kada a hana kowa amsa kiransa, a girmama mai rawani, a saki fursunoni, a sassauta wa talakawa haraji. Da zama ya gagara a zamanin Yunfa ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a Fabrairun 1804. A cikin Kitabul Farƙi ya jera halayen mulkin zalunci da sunayensu na Hausa: jangali, kuɗin gari, kuɗin salla, gaisuwa. Kusan ƙarni ɗaya da rabi bayan nan, jikokin masu tuta suna karɓar jangali ana kai musu gaisuwa. 'Yan NEPU ba su buƙaci ƙirƙiro komai ba, tunatarwa kawai suka riƙa yi.

Amma malaman da suka tsananta kan biyayya ba duka ne 'yan cin tuwon fada ba. Sun karanta tarihin fitinu, sun ga jinin da ya kwarara tun daga kisan Sayyidina Usman, suka yanke cewa zaluncin sarki ya fi rashin sarki sauƙi. Imamu Ahmad bin Hambal shi ya nuna inda iyakar take. A 833 Halifa Ma'amun ya tilasta wa malamai su ce Alƙur'ani halitta ne. Ahmad ya ƙi, aka ɗaure shi, aka yi masa bulala a zamanin Mu'utasim har ya suma, bai faɗa ba. Da wasu malaman Bagadaza suka zo masa a zamanin Wasiƙ suna neman a yi wa halifa tawaye, hana su ya yi, ya ce kada su zubar da jininsu da na sauran Musulmi. Mutum ɗaya ya ƙi abu biyu: bai ba da bakinsa ga ƙarya ba, bai ba da hannunsa ga takobi ba. Mukan zuba ƙin bin umarni da tawaye a kwando ɗaya, alhali tsakaninsu tafiya ce mai nisa. Mai ƙin bin umarni bayansa yake miƙa wa bulala. Ɗan tawaye kuwa da nasa ran da na mutanen da bai yi shawara da su ba yake shiga fage.

NEPU ba ta taɓa kafa gwamnati ba. Malam Aminu ya faɗi zaɓen 1954 a hannun Maitama Sule, sai a 1959 ya shiga majalisar tarayya, sojoji kuma suka rushe jam'iyyu duka a 1966. In da kujera ake auna nasara, an gama da ita. To amma duba abin da ya biyo baya. A ƙarshen shekarun 1960, zamanin Gowon, aka karɓe kotuna da gidajen yari da 'yan doka daga hannun sarakuna. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya binne En'e, a shekarar ce kuma matan Arewa suka fara jefa ƙuri'a, shekaru da yawa bayan 'yan'uwansu na Kudu. A 1979 gwamnonin PRP, sabuwar jam'iyyar Malam Aminu, wato Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, da hawansu suka soke haraji da jangali. Mafi yawan waɗannan sauye-sauye sojoji da manyan ma'aikata ne suka sa musu hannu, mutanen da ba su taɓa kwana a gidan yarin En'e ba, kuma suna da nasu dalilan na son rage wa sarakuna ƙarfi. Abin da ya sa suka iya yi ƙasa ba ta yamutse ba shi ne an riga an shekara goma sha biyar ana gaya wa mutane a kasuwa da tasha cewa wannan tsari ba saukakke ba ne daga sama, mutane suka kafa shi.

Ba a ce alherin duka daga ɓangare ɗaya ya fito ba. A cikin watan da aka kafa NEPU, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tashi a majalisar Kaduna ya kawo ƙudurin a yi wa En'e garambawul, daga nan aka fara sauya dokar da ta sa sarki shi kaɗai ne hukuma, aka haɗa shi da majalisa. Gwamnatin Sardauna ce kuma ta sa aka binciki kuɗin En'e ta Kano har Sarki Sanusi ya sauka a 1963. Masu gyara daga ciki sun yi aiki, ko da yake mai gyara daga ciki ya fi samun kunnen manya in akwai masu ihu a ƙofar gida. Su ma 'yan NEPU ba waliyyai ba ne. An yi zage-zage na fitar hankali a laccoci, suna da nasu 'yan bangar, akwai kuma wanda rikicin gadon sarauta ko na gona ya kai shi jam'iyyar, aƙida daga baya ta zo in ma ta zo.

Inda aka ɗauki makami labarin yakan sha bamban. A Fabrairun 1906 mutanen Satiru, wani ƙauye kudu da Sakkwato da talakawa da gudaddun bayi suka cika, suka yi wa Turawa da Sarkin Musulmi tawaye da sunan Mahadi. Da gatura da fartanyu suka kashe Turawa uku da sojoji 25. Wata guda bai cika ba aka dawo musu da bindiga mai jigida, aka kashe kusan mutum 2,000, aka shafe garin. Kukansu na gaskiya ne, amma darasin da Turawa suka ɗauka shi ne sarakuna ne garkuwarsu, suka ƙara sakar musu mara. A Nijar, jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary ta ce wa jagoran Faransa De Gaulle "a'a" kan ci gaba da zama ƙarƙashin Faransa a ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958. Faransa ta sa ƙarfinta aka kayar da ita, aka haramta jam'iyyar a 1959, shugabanninta suka yi gudun hijira. Da aka toshe musu kowace ƙofa suka koma ga bindiga. A 1964 suka shigo da mayaƙa ta kan iyakoki, aka kama su, aka harbe wasu a bainar jama'a a Yamai. A 1965 aka jefa wa Shugaba Diori Hamani gurneti a filin idi bai same shi ba. Wanda ya san yadda tura ta kai su bango ba zai yi saurin zarginsu ba. Amma mutanen ƙauyukan da aka bi ana kamawa ana azabtarwa bayan haka, ba wanda ya nemi yardarsu kafin a fara.

Sannan "ina bin dokar da ta fi taku" magana ce da kowane baki ke iya faɗa. Muhammadu Marwa Maitatsine ma ita ya faɗa, a Disambar 1980 kuma fiye da mutum 4,000 suka mutu a Kano. Abin da ya raba shi da tela ko mahaucin NEPU yana bayyana in an leƙa cikin gidansa: a unguwarsa ta 'Yan Awaki babu almajirin da ya isa ya ce wa malam a'a. Ya bijire wa hukuma ne don ya kafa biyayyar da ta fi tata makanta. Mun sake ganin irinta a Arewa maso Gabas tun daga 2009, ɓarnar ta ninka waccan nesa ba kusa ba.

Ko tawayen da ya yi nasara, wanda malamai na ƙwarai suka jagoranta, bai tsira daga wannan jarrabawa ba. Tun kafin Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808, Malam Abdullahi ƙanin Shehu, wanda ya ja runduna a yaƙin Tabkin Kwatto, ya ga yadda son muƙami da ganima da ƙwaraƙwarai da dawakai ya shiga zukatan mayaƙa. Abin ya dame shi har ya bar su a 1807 ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka. Mutanen Kano suka tsayar da shi, a nan ya rubuta musu Diya'ul Hukkam kan yadda ake mulki bisa shari'a, sannan ya koma. Mutumin da ya yi wa Gobir tawaye ya wayi gari yana juya wa abokan tawayensa baya.

Irin wannan rana ta zo wa Malam Aminu ma, sai dai shi a kujerar wanda ake ƙi wa ta same shi. Bayan zaɓen 1979 gwamnoninsa biyu suka shiga taron gwamnoni tara tare da na jam'iyyun adawa na UPN da GNPP. Uwar jam'iyya ta ce su daina, suka ƙi, a 1980 aka kore su. PRP ta dare gida biyu, 'yan taɓo na tare da Malam, 'yan santsi na tare da gwamnoni ƙarƙashin Michael Imoudu. 'Yan santsi suka ce ai Malam ne ya koya musu kada a bi mutum a makance, suna kuma zargin na kusa da shi da neman sasantawa da NPN, jam'iyyar da ke mulkin tarayya. 'Yan taɓo suka ce jam'iyyar da ba a bin umarninta ba jam'iyya ba ce, kuma wuyar shekara talatin da wasu suka sha ce ta kai gwamnonin kujerar da suke taƙama da ita. Ni ina ganin korar ta yi tsauri, don jam'iyyar da aka gina kan 'yancin tambaya bai kamata ta rasa inda za ta ajiye masu tambaya a cikin gidanta ba. Amma su ma gwamnonin bijirewarsu ba irin ta shekarun 1950 ba ce. Da jiniya da baitulmali a hannu suka yi ta.

Rigimar ba ta bar kowa ba. Majalisar Kaduna mai rinjayen NPN ta tsige Balarabe Musa ranar 23 ga Yuni 1981, bai taɓa samun amincewarta kan kwamishina ko ɗaya ba. Ranar 10 ga Yuli, bayan takardar tuhumar da gwamnatin Rimi ta aika wa Sarki Ado Bayero, tarzoma ta ɓarke a Kano, aka ƙone gine-ginen gwamnati, aka kashe mai ba gwamna shawara kan siyasa, Dakta Bala Muhammad, a gidansa. An daɗe ana gardama kan waɗanda suka kitsa ta, amma hannuwan da suka kunna wutar na talakawa ne. Malam Aminu ya rasu ranar 17 ga Afrilu 1983 jam'iyyarsa na a rabe. Rimi ya koma NPP ya tsaya takara, Sabo Bakin Zuwo na ɓangaren taɓo ya kayar da shi, shi kuma wata uku ya yi a kujera sojoji suka dawo ranar 31 ga Disamba.